Sabon hatsi ko tsoho? Shari'ar Smith da Hughes da kalmar caveat

Fam 27 da sule 4 ne kuɗin da ya kai wani manomi da wani mai dawakin sukuwa gaban manyan alƙalai uku a Ingila a shekarar 1871. Babu sata a cikin maganar, babu algus, babu tauye mudu. Hatsin da aka kai barga shi ne dai wanda aka nuna tun ranar farko. Duk rigimar a kan kalma ɗaya take, "tsoho": an faɗe ta lokacin ciniki ko ba a faɗa ba? In kuwa ba a faɗa ba, wa zai ɗauki asara? Amsar da alƙalan suka bayar tana rataye a jikin wata kalma da yawancinmu muka fara cin karo da ita a katangar gidajen da ake rikici a kansu, an rubuta da jan fenti: caveat.

Manomin sunansa Smith. Yana da hatsin da Turawa ke kira oats, wanda mu muka fi sani a gwangwanin Quaker ana dama wa yara da marasa lafiya, amma a can babban abincin doki ne, kamar yadda dawa da gero suke a wurinmu. Mai sayen kuma Hughes, mai dawaki ne kuma mai horar da su domin sukuwa. Smith ya je ya sami mai kula da bargar Hughes, ya tambaye shi ko suna sayen hatsi. Ya nuna samfur, ya ce yana da kwata 40 zuwa 50 irinsa, kowace kwata sule 35. Kwata ma'aunin hatsi ce ta Ingila, kusan lita 290, wato ta ɗara babban buhu nesa ba kusa ba. Mai kula da bargar ya karɓi samfurin ya tafi da shi, ya kwana a wurinsa, sannan ya aiko da takarda cewa zai ɗauki hatsin duka a kan sule 34. Smith ya sallama. Aka kai kwata 16 a zubin farko.

Nan ne aka ce ba haka aka yi ba. Da aka duba sai aka ga sabon hatsi ne na bana, masu horar da dawakin sukuwa kuwa tsoho suke nema, wanda ya shekara ya bushe ƙarau, domin a ganinsu sabo yana da danshi yana ɓata wa doki ciki. Hughes ya ce a zo a kwashe. Smith ya ce ciniki ya riga ya faɗa, a biya shi. Kwata 16 sau sule 34 ya tashi sule 544, fam 27 da sule 4 ke nan, tun da sule 20 ke fam.

Aka fara shari'ar a ƙaramar kotu a Epsom. Wurin ma abin lura ne, domin Epsom gari ne na dawaki, a can ake sukuwar Derby tun 1780. Mai kula da barga ya rantse cewa Smith ya ce masa yana da tsohon hatsi mai kyau, shi ma ya ce masa kullum yana sayen tsohon hatsi mai kyau. Smith ya rantse cewa kalmar "tsoho" ba ta fito daga bakin kowa ba, "mai kyau" kawai aka ce, kuma shi bai san cewa masu horar da dawaki ba sa sayen sabo ba. Akwai kuma batun farashi: sule 34 kuɗi ne mai tsada ga sabon hatsi, ya fi kama da kuɗin tsoho, ko da yake a lokacin hatsin ya yi ƙaranci a kasuwa.

A tsarinsu, mutanen gari ake zaunarwa su saurari shaidu su faɗi wanda ya yi gaskiya, su ake kira juri. Alƙali ya ba su tambayoyi biyu. Ta farko, an ambaci "tsoho"? In an ambata, Hughes ya ci. Ta biyu, in ba a ambata ba, shin Smith ya san cewa Hughes yana zaton tsohon hatsi yake saye? In ya sani, nan ma Hughes ya ci. Juri suka ce Hughes ya ci, ba su faɗi ko a kan wace tambaya suka tsaya ba. Smith ya ɗaukaka ƙara.

Kafin mu bi shi can, bari mu tsaya a kan kalmar kanta.

Caveat, ana furta ta kusan kamar "kabiyat", ba Turanci ba ce a asali, Latin ce, daga aikatau cavere, yin hattara. Ma'anarta ta kai tsaye ita ce "ya yi hattara", irin umarnin da ake ba wanda ba ya wurin, kamar ka ce "a gaya masa ya kula". Daga tushen nan ne Turanci ya samu caution. Daga nan ne kuma rubutun da aka tono a ƙofar wani gida a Pompeii, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, hoton kare da sarƙa a wuya da kalmomin cave canem, hattara da kare. Turawan Ingila sun ari caveat tun ƙarni na 16 suka mai da ita suna, suna cewa "caveat ɗaya" ko "caveat biyu" kamar abin ƙirgawa.

A maganar yau da kullum ba ta da wani nauyi na kotu. Likita zai ce maganin nan yana aiki, amma da caveat ɗaya, kada mai ciki ta sha. Mai bincike zai kawo sakamakonsa ya bi shi da caveat cewa mutanen da aka gwada kaɗan ne. Mu abin da muke cewa a nan shi ne "sai dai fa", ko "amma wani hanzari ba gudu ba". Ba ƙin magana ba ne, yarda ce mai ɗan wutsiya. Wanda ya fassara ta da "gargaɗi" kawai ya rage mata wani abu, domin gargaɗi yana iya tsayawa shi kaɗai, ita kuwa caveat ta yau da kullum kusan kullum a bayan wata magana take zuwa tana rage mata faɗi.

A wurin lauyoyi kuma takarda ce. Mutum ya shigar da ita a rajista yana cewa kada a ɗauki wani mataki sai an ji ta bakinsa. A Ingila, wanda yake shakkar wasiyyar mamaci yana shigar da caveat, sai a dakatar da ba da izinin taɓa dukiyar har wata shida, kuma ana iya sabuntawa. A ƙasashen da ke bin tsarin rajistar filaye na Torrens, wanda aka fara a Kudancin Ostareliya a 1858, caveat a kan takardar fili tana hana a rubuta sabon ciniki a kansa. Dokar auren rajista ta Najeriya ma tana da ita: bayan an kafa sanarwar aure, wanda ya san dalilin da zai hana auren yana zuwa ya rubuta kalmar Forbidden, wato an hana, a gefen sunayen a cikin littafin sanarwa, ya sa sunansa da dalilinsa, magatakarda kuma ba zai ba da takardar izini ba sai kotu ta warware. Duk waɗannan ba hukunci ba ne. Birki ne kawai.

Sai kuma caveat emptor, "mai saye ya yi hattara", wadda ta fi duka shahara. Jin ta da Latin yakan sa mutum ya ɗauka dokar Rumawa ce, alhali kuwa hukuman kasuwar Rum sun tilasta wa masu sayar da bayi da dabbobi su bayyana aibinsu, mai saye kuma yana da wata shida ya mayar. A rubutun Ingilishi, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganin ta wani littafin noma ne na ƙarni na 16, a wajen shawara kan sayen doki. A 1603 aka yi shari'ar Chandelor da Lopus, inda wani maƙerin zinariya ya sayar da dutse a kan fam 100 yana cewa bezoar ne, dutsen da ake samu a cikin tumbin dabba ana ganin yana karya dafi. Dutsen ya tashi ba shi ba ne. Kotu ta ce faɗa kawai ya yi, bai ɗauki alkawari ba, kowane mai kaya kuwa yabon kayansa yake yi. Mu ma muna da tamu: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Da wannan gadon ne alƙalan Kotun Sarauniya, wadda suke kira Queen's Bench, suka zauna a kan ƙarar Smith. Su uku ne: Babban Alƙali Cockburn, da Blackburn, da Hannen. Babu wanda ya yi jayayya a kan tambaya ta farko. In an ce "tsoho", to sharaɗi ne, Smith ya saɓa, magana ta ƙare. Tambaya ta biyu ce suka ce akwai gyara.

Cockburn ya ɗauki hanya mafi sauƙi. An nuna wa mai saye samfur, ya riƙe shi, ya duba son ransa, ya taya da kansa. Abin da aka kai masa daidai yake da samfurin. Shi ya raya wa kansa cewa tsoho ne, mai sayarwa bai faɗi komai ba, bai aikata komai ba da zai sa shi ya yi wannan zaton. To laifin wa? Ya ce shirun mai sayarwa, yana kallon mai saye yana yaudarar kansa, ba ya ɓata ciniki. Ya kuma faɗa a fili cewa ba abin da mutum mai tsantseni zai yi ake tambaya ba, abin da doka ta wajabta ake tambaya. Har ya juya misalin: wanda ya san akwai ma'adini a ƙarƙashin wata gona, mai gonar bai sani ba, ya saye ta da kuɗin gona, ciniki ya yi.

Blackburn ya yarda da haka, sannan ya ƙara abin da ya sa har yau ɗaliban lauya a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila suke haddace sunan shari'ar. Ya ce kotu ba ta shiga zuciyar mutum. In ka yi abin da duk mai hankali zai ɗauka ka amince da sharuɗɗan abokin cinikinka, shi kuma ya shiga cinikin a kan haka, to ka ɗauru, ko da a ranka wani abu dabam kake nufi. Takardar da ta ce "zan ɗauka a kan sule 34" ita ce maganar Hughes, ba abin da ke ransa ba.

Amma sai ya tsaga gashi gida biyu, kuma a nan ne shari'ar take da daɗi. Akwai bambanci tsakanin mai saye ya yi zaton hatsin tsoho ne, da ya yi zaton mai sayarwa ya yi masa alkawarin tsoho ne. Na farko kuskure ne a kan kaya, nasa ne shi kaɗai, ko da mai sayarwa ya gane ya yi shiru. Na biyu kuskure ne a kan sharaɗin cinikin kansa, kuma in mai sayarwa ya san abokinsa yana ganin an yi masa alkawari, ba zai yi gum ya karɓi kuɗi ba sannan ya ce ai ban faɗa ba. Hannen ma a kan wannan ya tsaya. Tambayar da alƙalin Epsom ya ba juri ta haɗa biyun a kwano ɗaya, ba a san wanda suka ɗauka ba. Saboda haka aka soke hukuncin aka ce a sake shari'a. Lura, ba a ce Smith ya ci kuɗinsa ba. An ce dai an yi wa juri tambaya ba daidai ba.

A takarda bambancin Blackburn yana da kyau. A bakin buhu kuwa siriri ne ƙwarai. Ka ɗauki mai kiwon kaji ya shiga Dawanau da kaka yana neman masara. Ya zura hannu a buhu, ya ɗebo, ya watsa ƙwaya biyu a baki ya ciza. Busasshiya takan fashe ƙas, mai danshi takan lotsa. Ya ce, "Alhaji, ta bara ce ko?" In mai kaya ya ce "ta bara ce", ya ɗauru. In ya ce "ga ta nan a hannunka, duba da kyau", bai ɗauru ba. In kuwa mai saye bai tambaya ba, ya dai ce wa yaronsa a gaban mai kaya, "irin wannan ta baran nake so, ba ta yin fumfuna", mai kaya ya ji ya kau da kai yana ƙirga kuɗi, a wane gida za a sa wannan? Zato ne a kan masara, ko zato ne a kan alkawari? Ni a ganina mutum ba ya raba biyun a ransa lokacin da yake ciniki. Wanda ya biya kuɗin tsoho yana ganin da kuɗin nan ya riga ya faɗi abin da yake so.

Duk da haka ban ga laifin alƙalan a kan Hughes ba. Hatsi da doki sana'arsa ce, yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, samfurin ya kwana a hannunsu, kuma su suka rubuta takardar tayi. Kalma ɗaya za su ƙara a cikinta. In da za a bar kowane mai saye ya warware ciniki saboda abin da ya raya a ransa bai furta ba, ba mai sayarwar da zai iya kashe kuɗin da ya karɓa. Inda na rabu da Cockburn shi ne yadda ya wanke shirun wanda ya sani. Wannan ya yi wa mai wayo daɗi da yawa.

Majalisar Ingila ma ba ta bar abin yadda yake ba. Dokar sayar da kaya ta 1893, wadda Mackenzie Chalmers ya tsara, ta bar caveat emptor a matsayin tushe amma ta huda ta ta wurare da yawa. In an sayar da kaya da siffa, dole su dace da siffar. In da samfur ne, dole tarin ya dace da samfurin. In mai saye ya bayyana abin da zai yi da kayan, har ya nuna ya dogara da sanin mai sayarwa, kuma kayan irin sana'ar mai sayarwar ne, to dole su yi wannan aikin. Amma ta bar wa Cockburn ƙofarsa: wanda ya duba kaya ba zai dawo yana kuka da aibin da dubawar ta isa ta nuna masa ba. Aka sake dokar a 1979, sannan a 2015 aka yi wa masu sayen kayan amfanin kansu doka ta dabam mai ba su kwana 30 su mayar da kaya mai aibi.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ta gaji dokokin Ingila na gama-gari da suke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900, dokar 1893 tana cikinsu, ko da yake wasu jihohi sun yi tasu daga baya. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ta ƙara ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, saboda haka rubutun nan na ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawowa da su, bai kai ƙarfin da masu shago ke ba shi ba. Fili da gida ne inda tsohuwar ƙa'idar ta fi sauran ƙarfi: kai za ka je ma'aikatar filaye ka bincika, kai za ka tambayi maƙwabta da mai unguwa. Rubutun jikin katanga kuwa, "wannan gida ba na sayarwa ba ne, caveat emptor, hattara da 'yan 419", ya juya kalmar ne. Ba mai sayarwa ne yake wanke hannunsa ba. Mai gida ne ko magada suke shaida wa duniya, domin kada wani ya zo gobe ya ce ya saya bai san da rikici ba. Ya fi kusa da waccan takardar birki ta rajista, sai dai da fenti aka shigar da ita.

To da a ce gaban alƙalin Musulunci aka kai Smith da Hughes fa? Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid. A can an hana algus da yaudara da ɓoye aibi da gauraya mummuna da mai kyau, sannan aka ƙara da cewa bai halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta, ko faɗarsa za ta rage mata kuɗi. Wannan jimla ta ƙarshe kamar don Smith aka rubuta ta. Tushenta kuma sananne ne, hadisin da Muslim ya ruwaito: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ya ji danshi a ciki, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wurin da Blackburn ya ce wannan aikin kotun ɗabi'a ne ba kotun doka ba, fiƙihu bai raba kotunan biyu haka ba.

Sai dai kada a yi saurin cewa Hughes ya ci. Sabunta ba aibi ba ce a karan kanta. Sabon wake ya fi tsoho daraja, tsohuwar shinkafa kuma ita mata ke nema saboda auki, kowane kaya da inda tsufa ke ƙara masa kuɗi da inda yake rage masa. Smith bai jiƙa hatsi ba, bai sa tsoho a sama sabo a ƙasa ba, kuma ya rantse bai san al'adar masu dawaki ba. Wanda bai san abu zai ɓata wa mai saye rai ba, ba za a ce ya ɓoye shi ba. Saboda haka, yadda nake gani, alƙali zai koma ga ƙa'idar malaman fiƙihu cewa abin da aka saba da shi a al'ada kamar sharaɗin da aka furta ne. Zai aika a kira dattawan kasuwar hatsi da dillalai, ya tambaye su abu biyu: a garin nan, manomin da ya ɗauki samfur ya nufi bargar dawakin sukuwa da ƙafarsa, zai yiwu bai san irin hatsin da suke saye ba? Kuma a makon da aka yi cinikin, nawa ake sayar da kwatar sabo? In suka ce sule 34 kuɗin tsoho ne kowa ya sani, Smith zai sha tambaya. In suka ce hatsi ya yi wuya har sabo ma ya kai haka, sai alƙali ya juya ga mai kula da barga ya tambaye shi abin da ya yi da samfurin a kwanakin da ya yi a hannunsa.